Daga dazukan Ondo zuwa lungunan Samaru: Abin da takardun gwamnati ke faɗa kan yaƙi da tabar wiwi

Duk wanda ya taso a Samaru ya san warin. Da almuru in ka ratsa ta bayan wani kango ko ka bi gefen layin dogo, iska za ta kaɗo maka shi, kai ma ka san ba sigari ba ce.

Akwai wani yaro da muka taso unguwa ɗaya, ba zan kama sunansa ba. Kansa na ja a makaranta, shi ke koya mana lissafi. Yana ajin ƙarshe na sakandare ya fara busa wiwi.

Sau uku jami'an tsaro suna kama shi da ɗan ƙulli a aljihu. A na farko mahaifiyarsa ta sayar da akuya, a na biyu keken ɗinkinta ya tafi. Bayan na uku, kawunansa suka yanke shawarar kai shi gidan mari. Ya dawo bayan wata bakwai da tabo a idon sawu, bai cika sati biyu ba ya koma ruwa.

A tsawon shekarun nan ya ga ofishin jami'an tsaro, ya ga sasari, ya ga bulala. Likita ne kawai bai taɓa gani ba.

Na daɗe ina ɗaukar wannan a matsayin ƙaddarar gida ɗaya. Sai da na zauna na bi rahotannin binciken da Gwamnatin Tarayya ta sa aka yi, da dokokin da ta kafa tun 1966, na gane cewa labarin yaron nan yana rubuce a cikinsu, sunansa ne kawai babu.

Alƙaluman da gwamnati ta tattara da kanta

A watan Janairun 2019 aka fitar da sakamakon binciken farko na ƙasa baki ɗaya kan shan miyagun ƙwayoyi. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ce ta yi aikin tare da cibiyar CRISA da ke Uyo da kuma ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da ƙwayoyi, wato UNODC, da tallafin Tarayyar Turai.

Binciken ya gano cewa mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun sha wani nau'in ƙwaya a cikin shekara guda. Wannan ya kama kashi 14.4 cikin 100, alhali matsakaicin na duniya a lokacin kashi 5.6 ne.

A cikinsu, miliyan 10.6 wiwi suke sha. Magunguna irin su tiramadol suna biye da mutum miliyan 4.6, sai maganin tari mai kodin da miliyan 2.4.

A Arewa maso Yamma an ƙiyasta mutum kusan miliyan 3. Kano ce kan gaba da sama da miliyan 1, Jihar Kaduna kuma tana da kimanin 462,000, wato mutum ɗaya a cikin kowane goma na waɗanda suka kai waɗancan shekaru.

Akwai alƙaluma biyu a rahoton da ya kamata iyaye a Samaru su riƙe. Na farko, matsakaicin shekarun fara shan wiwi 19 ne, daidai lokacin da yaro ke barin gaban iyayensa ya shiga jami'a ko kwaleji. Samaru kuwa garin ɗalibai ne tun da aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, kuma dubban waɗanda ba su samu ɗaki a cikin makaranta ba suna zaman haya ne a cikin unguwanni, babu mai tambayar su ƙarfe nawa suka dawo.

Na biyu, mai shan wiwi yana kashe kimanin Naira 363 a kullum a wancan lokaci. In ka lissafa, ya kusa Naira 11,000 a wata, a zamanin da mafi ƙarancin albashi yake Naira 18,000. Ɗan acaɓa ko ɗan dako da ya faɗa ciki, fiye da rabin abin da ƙaramin ma'aikacin gwamnati ke ɗauka yake ƙonawa.

Ba a Samaru ake noma ta ba

Samaru ta yi suna a harkar noma. Cibiyar Binciken Aikin Gona da ke nan ita ta fitar da irin masara da dawa da gyaɗa da auduga da manoman Arewa ke shukawa. Amma ganyen da ke cinye 'ya'yan garin daga nesa yake tasowa.

UNODC da Hukumar Hana Sha da Fataucin Miyagun Ƙwayoyi, NDLEA, sun yi wani bincike da hotunan tauraron ɗan'adam a jihohi shida: Edo, Ekiti, Ogun, Ondo, Osun da Oyo. Sakamakon da aka fitar a 2022 ya nuna cewa a 2019 kaɗai an noma wiwi a fili mai faɗin hekta 8,900 a waɗannan jihohi. Wannan ya haura filin ƙwallo dubu 12.

Yawancin gonakin suna can cikin ƙungurmin daji, nesa da kwalta, kuma da yawansu sai da aka sare itatuwa aka ƙone daji kafin a shuka.

Daga can ake busar da ganyen, a matse shi sinƙi-sinƙi, a cusa a buhuna ko a ɓoye a ƙarƙashin kaya. Babbar hanyarsa ta zuwa Arewa ita ce ta Okene da Lokoja, ya ratsa Abuja da Kaduna.

A nan ne Zariya ta shigo ciki. A Kwangila hanya ta rabu: ɗaya ta miƙe Kano, ɗaya ta bi ta Samaru da Shika da Giwa zuwa Funtuwa, daga nan sai Gusau da Sakkwato. Sabon Gari kuma tun da jirgin ƙasa ya iso Zariya a 1911 take mahaɗar baƙi da kasuwanci da tashoshin mota. Abin da ya sa garin ya bunƙasa da fataucin halal, shi ne ya sa ya yi wa masu fataucin haram daɗi.

Duk mai bin sanarwar da kakakin NDLEA, Femi Babafemi, ke fitarwa kusan kowace Lahadi, ya saba jin an tare mota a hanyar Abuja zuwa Kaduna ko Kaduna zuwa Zariya. A 'yan shekarun nan kuma sanarwar ta cika da sababbin sunaye irin su Loud da ake shigo da ita daga Kanada da Gana, da Colorado wadda haɗi ce ta sinadarai. Waɗannan sun fi ganyen da aka sani a da ƙarfi nesa ba kusa ba.

Ƙullin da ake kamawa a aljihun matashi a Hayin Dogo ko Muchiya shi ne wutsiyar maciji. Kan yana can ɗaruruwan kilomita.

Shekara 60 ana tsanantawa, ana sassautawa

Wiwi ba tsohuwar shukar ƙasar Hausa ba ce. Bayanin da masana suka fi yarda da shi shi ne ta bazu a Najeriya bayan Yaƙin Duniya na Biyu, ta hannun ma'aikatan jiragen ruwa da sojojin da suka dawo daga Indiya da Bama da Arewacin Afirka.

Tun farkon shekarun 1960 likitocin ƙwaƙwalwa na Asibitin Aro da ke Abeokuta, Thomas Adeoye Lambo da Tolani Asuni, suka fara rubutu kan matasan da ake kawo musu da suka taɓa shan ta. Likitoci ne suka fara ankarar da hukuma. Amma da hukuma ta tashi amsawa, da sanda ta amsa.

A 1966 gwamnatin Janar Aguiyi-Ironsi ta kafa dokar soja kan tabar wiwi. Wanda aka kama yana noma ta, kisa ne ko ɗaurin shekara 21. Wanda aka kama yana sha ko yana riƙe da ita, aƙalla shekara 10.

A 1975 aka sassauta. Aka cire kisa, mai sha kuma hukuncinsa ya dawo wata shida ko tara ta kuɗi.

A 1984 gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta sake ɗaure igiya. Ta ƙara hukuncin wiwi, ta kuma kafa Doka ta 20 mai tanadin kisa ga masu safarar hodar ibilis. Ranar 10 ga Afrilun 1985 aka harbe Bartholomew Owoh da Bernard Ogedengbe da Lawal Ojuolape a Legas.

Gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta mayar da kisan ɗaurin rai-da-rai, sannan a ƙarshen 1989 ta kafa NDLEA da Doka ta 48. A zamanin Abacha, ƙarƙashin Manjo Janar Musa Bamaiyi, hukumar ta kai ga kama mawaƙi Fela Anikulapo-Kuti kan wiwi a 1997, 'yan watanni kafin rasuwarsa.

Ko a baya-bayan nan ba a daina wannan kai-komo ba. A watan Mayun 2024 Majalisar Dattawa ta amince da hukuncin kisa ga dillalan ƙwaya. Da aka zo daidaitawa da Majalisar Wakilai, aka tsaya a kan rai-da-rai. A watan Yunin 2025 Shugaba Bola Tinubu ya ƙi sa hannu a ƙudirin, saboda wani sashe da ya ba hukumar damar riƙe wani kaso na dukiyar da ta ƙwace.

An gwada kisa, an gwada tara, an gwada rai-da-rai. Bayan fiye da shekara 50 da dokar Ironsi, ƙidayar gwamnati ta samu mutum miliyan 10.6 suna busawa.

Wa ke shiga hannu?

A takarda, dokar NDLEA ta tanadi ɗaurin shekara 15 zuwa 25 ga wanda aka samu da ƙwaya ba bisa izini ba, kuma Babbar Kotun Tarayya ce ke da hurumin shari'ar. Ke nan yaron da aka kama a Sabon Gari, in har za a bi wannan doka, Kaduna za a kai shi.

A aikace alƙalai kan yanke ƙasa da haka, wani lokaci da zaɓin biyan tara, abin da ita kanta hukumar ta sha kokawa a kai, domin babban dila ba ya rasa kuɗin tara.

Binciken 2019 ya yi hira da waɗanda suka yi nisa a shaye-shaye. Kusan ɗaya cikin huɗu nasu an taɓa kama shi kan abin da ya shafi ƙwaya. A cikin waɗanda aka kama, kashi 73 laifinsu shi ne an same su da ita a hannu. Sata kashi 12 ce kawai.

Rahoton ya kuma ce mutum ɗaya cikin biyar na masu shan ƙwaya abin ya riga ya zame masa cuta, wato kusan mutum miliyan 3. Sannan kusan kashi 40 na waɗanda suka yi nisa sun ce sun so a yi musu magani amma ba su samu ba. Dalilan da suka bayar su ne tsada, da tsoron tsangwama, da rashin wurin zuwa.

Wannan ba zancen wata ƙungiya mai neman a halatta wiwi ba ne. Takarda ce mai ɗauke da tambarin Gwamnatin Tarayya.

Giɓin da gidan mari ya cike

Uwar da ɗanta ya fara surutai shi kaɗai, ya daina wanka, ya fara ɗauke mata tukunya yana sayarwa, ba za ta jira a gyara doka a Abuja ba. Inda ta ji an ce ana gyaran yara, can za ta nufa.

A ƙarshen watan Satumban 2019 'yan sanda suka fasa wani gida a Rigasa da ke Kaduna, suka fito da mutum sama da 300, da yawansu da sarƙa a ƙafa da shatin bulala a baya. Cikin 'yan makonni aka fasa irinsa a Daura da Katsina, sannan a watan Oktoba aka rufe wasu a nan Zariya.

Duniya ta yi Allah-wadai, kuma ya cancanta. Sai dai akasarin waɗanda aka samu a ciki iyayensu ne suka kai su da hannunsu, har suna biyan kuɗi, kuma shaye-shaye na cikin manyan dalilan. An rufe gidajen, amma buƙatar da ta haife su tana nan.

Wuraren magani na asibiti akwai su, sai dai sun yi kaɗan. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika yana da sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa. Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Barnawa a Kaduna yana da sashe na musamman na masu shaye-shaye. Gwamnatin Jihar Kaduna ta kafa hukuma kan wannan matsala, NDLEA kuma tana da masu ba da shawara da layin kira kyauta, 0800 1020 3040.

Amma likitocin ƙwaƙwalwa a faɗin ƙasa mai mutum sama da miliyan 200 ba su kai 300 ba, kamar yadda ƙungiyarsu ta sha faɗa. Kuma sai a watan Janairun 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin ta 1958 da Turawan mulkin mallaka suka bari.

Wiwi ba abin wasa ba ce. Likitoci sun tabbatar cewa wanda ya fara ta da ƙuruciya, yana sha kullum, musamman mai ƙarfi, ya fi shiga haɗarin taɓin hankali. Wannan ne ma ya sa rashin likita ya fi ciwo.

Muhawarar da ake yi a sama

Yayin da iyaye a Zariya ke neman inda za su kai 'ya'yansu, a Abuja wata muhawarar daban ake yi: kuɗin da ke cikin ganyen.

A watan Mayun 2019 Gwamnan Ondo na lokacin, marigayi Rotimi Akeredolu, ya je Tailan tare da shugaban NDLEA na wancan lokaci, Kanar Muhammad Mustapha Abdallah mai ritaya, don ganin yadda ake sarrafa wiwi a yi magani. Ya dawo yana kiran a bari a noma ta a ƙarƙashin kulawar hukuma.

A watan Disambar 2020 aka kaɗa ƙuri'a a hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya da ke Biyana kan cire wiwi daga rukunin ƙwayoyi mafi haɗari. Ƙasashe 27 suka amince, 25 suka ƙi. Najeriya na cikin waɗanda suka ƙi.

A watan Maris na 2023 ƙudirin da Benjamin Kalu da Olumide Osoba da Miriam Onuoha suka gabatar kan halatta noma ta don magani da masana'antu ya gamu da tirjiya a Majalisar Wakilai, aka jingine shi. Shugaban NDLEA, Birgediya Janar Mohammed Buba Marwa mai ritaya, ya daɗe yana adawa da halatta shan ta, kuma hujjarsa ita ce wannan adadi na miliyan 10.6. A 2025 ya nuna cewa hukumar ba ta ƙin a fitar da man wiwi zuwa ƙasashen da ke buƙata in an tsara, amma ban da amfani da shi a cikin gida.

A Samaru ko Sabon Gari da wuya ka samu limami ko fasto ko mai unguwa da zai goyi bayan halatta ta, kuma ba wannan ce tambayar da ke damun iyaye ba. Tambayarsu ita ce: in an kama yaro da ƙulli ɗaya, ina ya kamata a kai shi?

Akwai waɗanda suka amsa wannan ba tare da sun halatta komai ba. A 2014 Hukumar Yammacin Afirka kan Ƙwayoyi, wadda Kofi Annan ya assasa, tsohon Shugaba Olusegun Obasanjo ya jagoranta, ta ba da shawarar a ɗauki mai sha a matsayin majinyaci, a mayar da ƙarfi kan manyan dillalai. Gana ta bi wani ɓangare na shawarar a dokarta ta 2020, inda wanda aka samu da ɗan abin da zai sha yake biyan tara maimakon zuwa kurkuku kai tsaye.

Bayan gwaji, sai me?

Shi kansa Marwa ya san waɗannan takardu. Shi ya jagoranci kwamitin da Shugaba Buhari ya kafa a ƙarshen 2018 don ba da shawara kan kawar da shaye-shaye. Kwamitin ya miƙa rahotonsa a 2019, sannan a watan Janairun 2021 aka ba shi ragamar NDLEA. Tun daga nan kame ya ƙaru, an ƙone gonaki, an cafke manyan dillalai, kuma babu mai musun cewa hukumar ta farka.

A 2025 NDLEA da Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya suka amince a riƙa yi wa ɗaliban manyan makarantu gwajin ƙwaya. In abin ya kankama, ƙananan hukumomin Zariya da Sabon Gari na cikin wuraren da zai fi shafa, ganin yawan makarantun da ke cikinsu, daga jami'a zuwa kwalejin ilimi da ta kimiyya da fasaha.

Gwajin zai fito da sunaye. Abin da za a yi da sunayen shi ne magana. In kora ce, yaron zai bar ɗakin karatu ya koma bayan kango, inda dila ke jiransa. In kuwa akwai mai ba da shawara a asibitin makaranta, da hanyar tura shi Shika ko Barnawa a kan kuɗin da iyayensa za su iya biya, to gwajin zai ceci rayuka.

Haka abin yake ga ƙananan asibitocin unguwa a Samaru da Palladan da Chikaji. Ma'aikacin lafiya ɗaya da aka horar ya gane alamun farko, ya san inda zai tura uwa da ɗanta, zai rage wa gidan mari ciniki fiye da samame goma.

Abokin nawa yana nan da rai. Yana wankin mota a gefen titi, wata rana garau, wata rana sai addu'a. Mahaifiyarsa ta tsufa, keken ɗinkin bai dawo ba.

Kwanaki na je gaishe ta, na ba ta labarin cewa akwai likitocin irin wannan lalura a Shika, tafiyar 'yan mintoci daga ƙofar gidanta. Ta yi shiru, sannan ta tambaye ni ko har yanzu suna karɓar wanda ya haura shekara talatin.